Ranar da Na Juye Tanki a Tudun Malam Haladu

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Juma'a ta tsakiyar damina, a shekarata ta shida ina jan motar asibitin tafi-da-gidanka. Ku da aka damƙa wa sababbin motocin nan kun sha tambayata dalilin nacina a kan maganar tanki, har wasunku suka laƙaba mini Baba Tanki a bayan idona. Na ji, ban kuma ji haushi ba. Yau zan gaya muku inda nacin ya samo asali, don gara ku ji daga bakina da ku tsince shi a tasha an yi masa gishiri.

Bari in fara da bayanin motar saboda waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Doguwa ce, a bayanta akwai ɗakin da ake aikin ido, da wurin wanke hannu, da ɗan ban-ɗaki na ma'aikata, wanda mata suka fi buƙata idan muka shiga ƙauye. A ƙasa akwai tankunan ƙazanta guda biyu: ɗaya na ruwan wanke hannu da kayan aiki, ɗaya na ban-ɗaki. A Dutse juye su ba wahala. Ka yi baya da mota zuwa bakin sokawe, ka jona tiyo, ka fara buɗe bawul ɗin na ban-ɗaki, sannan ka saki na ruwan wanki ya ɗauraye maka tiyon. A ƙauye kuwa babu sokawe. Ko dai ka dawo gida kafin tanki ya cika, ko ka kira motar kwasar masai ta same ka. Idan duka biyun suka gagara, akwai ƙa'ida a rubuce, manne a bayan ƙofa: ka juye a ƙaramin tanki mai taya biyu da muke ɗaurawa a gefe, ka ja shi nesa da rijiya, nesa da hanyar ruwa, ka samu tudu, ka haƙa rami, ka zuba, ka bi da magani, ka rufe. Duk wannan aikin direba ne. Likita na gyaran ido a sama, direba na fama da abin da ba a faɗa a ƙasa.

Ranar Litinin muka bar Dutse, ni da Dakta Binta, likitar ido wadda ita ce shugabar tafiyar, da ma'aikatan jinya uku. Ƙauyen yana can ɓangaren fadama ta wajen Jahun, ba zan kama sunansa ba. Makonni kaɗan kafin zuwanmu ambaliya ta shiga musu. Ruwa ya janye daga gidaje, amma duk inda yake kwari yana nan kwance. A bakin gari na ga makabartarsu ta zama tafki, kan itatuwan shinge kawai ake hangowa. Na ce Allah ya kyauta, na wuce abina. Mai unguwa ya sa muka ajiye mota a ƙofar gidan wani dattijo, Malam Haladu, saboda nan ne ƙasa take da tauri.

Malam Haladu manomi ne, dogon tsoho mai baki kamar reza, wanda yanar ido ta rufe masa idanu biyu shekaru da dama. Tun ranar farko ya shafa gaban motar da tafin hannu, ya zagaya ta da sandarsa, ya ce, "Wa ke jan wannan gida?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Sunana Sabo."

"A'a, kai Sarkin Mota ne. Sabo ai kowa ma sabo ne ran da ya zo."

Daga nan sunan ya bi ni. Safe, rana da yamma sai ga kwanuka daga cikin gidan, matar ɗansa Garba ta dafo, alhali ruwa ya ci musu rabin gero. Dakta ta aike ni in ce mun zo da abincinmu, kada su wahalar da kansu. Ya ce, "Je ka gaya wa likita, baƙo ya sauka a ƙofata ya ci abincin gwangwani, sai dai bayan raina."

Duk bayan la'asar, idan layin marasa lafiya ya ragu, nakan zauna da shi a gindin darbejiya. A nan na ji cewa matarsa ta rasu a tsakiyar ambaliyar nan, ko arba'in ba a yi ba. Bai taɓa faɗar sunanta ba, sai dai ya ce mai ɗakin. Ya ce sau biyu masu aikin ido suna zuwa garin da ke kusa, Garba yana roƙonsa, yana ƙi. "Me zan yi da ido, tana nan? Ita take ce mini ga rami, ga akuya, ga surukinka nan tafe ka gyara hula." Ya yi dariya. Can ya ce, "Yanzu kam ina so. Na taɓa ƙasar da hannuna ran da aka rufe ta, amma ban gani ba. Garba ya ce wuri ne mai kyau. Ina so in ga inda aka kwantar da ita, ko da ido ɗaya ne. Daga nan in mai abu ya so, ya karɓi abinsa."

Na yi mata addu'a, na yi masa ta'aziyya. Ban tambaye shi inda aka kai ta ba, duk da na ga makabartar da idona a cikin ruwa.

Shirinmu shi ne mu tashi ranar Alhamis. Ranar Laraba aka kwana ana tafka ruwa, gari ya waye kwalbatin da muka haye ya karye. Muka kira ofis, suka ce motar kwasar masai ba ta da fiffike, mu yi haƙuri sai an cike hanya. Zuwa yammacin Alhamis allurar ma'aunin tanki ta shiga ja, wari ya fara tasowa. Dakta Binta ta kira ni gefe.

Ta ce, "Malam Sabo, ka ji abin da nake ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Rufe ban-ɗakin, ka zuba magani. Gobe da safe zan yi wa mutum huɗu aiki, har da mai masaukinmu. Bayan su ba zan ƙara taɓa idon kowa ba sai ka juye tankin nan. Ka tambayi mai unguwa ko Malam Haladu su nuna maka wurin da ya dace."

Na ce, "An gama."

To, a nan ne na faɗi. Da yammar nan na zauna kusa da tsohon, akushin dambu a gabanmu, har da man shanu. Sau uku maganar tana zuwa mini baki ina haɗiye ta. Ta yaya, da lomar mutum a bakina, zan dubi furfurarsa in ce, Baba, ina zan zubar da bayan gidanmu? Ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Mu da ko fita za mu yi a gaban manya sai mu ce za mu zagaya. Na tuna mai unguwa, na ga shi kuma kullum a cikin dattawa yake, sai dai in faɗa a bainar jama'a, gobe yara su riƙa nuna ni. Bayan kunyar kuma akwai girman kai, ba zan ɓoye muku ba. Ni ɗan unguwar Takur ta Dutse da na zaga Jigawa lungu-lungu, sai an kama hannuna an nuna mini daji? Na cinye dambuna, na yi godiya, na tashi.

Da safiyar Juma'a aka yi wa Malam Haladu aiki a idon dama, aka rufe da auduga da filasta, aka ce sai gobe a buɗe. Wajen sha biyu maza suka ɗunguma zuwa masallacin Juma'a na garin da ke tsallake, gari ya zama sai mata a cikin gidaje. Na ce wa kaina ai matafiyi babu Juma'a a kansa, kuma ga lokacin da babu idon da zai gan ni. Na sa takalmin roba da safar hannu da takunkumi, na jona tiyo, na cika ƙaramin tankin, na saɓa shebur.

Hanyar fita bayan gari ta gaban zauren Malam Haladu ta bi. Yana kwance a kan tabarma, ya ji ƙarar taya.

"Sarkin Mota, kai ne? Ba ka tafi masallaci ba? Me kake ja haka kamar mai kurar ruwa?"

Na ce, "Ɗan ruwa ne, Baba, zan zubar."

"To, a sauka lafiya."

Allah ya ba ni dama ta biyu a bakin zauren nan, na tsallake ta da ƙafafuna.

Na bi wata siririyar hanya ta cikin gero har ta haura da ni wani tudun yashi a ƙarshen gona, gindin wata aduwa. Na tsaya na duba gabas da yamma kamar wani injiniya. Rijiya tana can nesa a ɗaya gefen gari. Ruwa bai taɓa hawa nan ba. Ƙa'ida ta cika. A gindin bishiyar akwai tarin ƙaya, na ɗauka ragowar shingen gona ce. Da na janye ta sai na ga ƙasa ta lotsa ta yi ɗan kwari, ga laushi kamar an taɓa haƙawa. Wallahi har hamdala na yi da aka rage mini aiki. Akwai wani ɓallin tukunya a kafe a gefe, na sa bakin shebur na wancakalar da shi. Na ɗan faɗaɗa kwarin, na buɗe tanki. Sawu uku na yi. Na zuba magani, na rufe da yashi, na mayar da ƙayar don kada dabbobi su tona.

Za ku ce yaya Bahaushe, Musulmi, zai ga ƙaya da ɓallin tukunya da ƙasa mai laushi bai gane ba. Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar fiye da sau ɗari. A birni na tashi, inda makabarta take da katanga da ƙofa, kaburbura a jere. Ruwan Laraba kuma ya baje tulin ƙasar da aka tayar a wurin. Amma gaskiyar ita ce sauri nake in gama kafin a taso daga masallaci, idona yana kan hanya, ba ya kan abin da ke gabana.

Da na dawo Dakta ta ce, "Ka tambaya?"

Na ce, "An daidaita komai, ranki ya daɗe." Ta ci gaba da aikinta.

Ranar Asabar da hantsi aka zaunar da Malam Haladu a kan benci, Dakta ta ɗaye filastar a hankali. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya ɗaga hannunsa yana juya shi. Ya dubi Garba ya ce, "Kai, yaushe ka yi furfura ban sani ba?" Ya juyo kaina. "Wannan ne Sarkin Mota? Ashe ɗan guntu ne! Muryar ce kawai ta manya." Kowa ya fashe da dariya, ɗaya daga cikin ma'aikatan jinya tana dariya tana share hawaye. Dakta ta ja masa kunne: kada ya sunkuya, kada ya murza idon, kada ƙura ta shiga.

Ya ce, "Na ji, 'yata. Amma akwai inda zan je yanzu, ba nisa." Ya miƙe, ya rataya sandarsa a kafaɗa kamar makiyayi. "Garba, wuce gaba. Sarkin Mota, zo ka raka ni. Kai na fara gaya wa, da kai za a je."

Na bi su da farin ciki. Ina tsammanin za mu nufi bakin gari ne, wataƙila mu shiga kwalekwale. Sai na ga Garba ya zagaya bayan gida ya kama siririyar hanyar nan ta cikin gero. Na ce wa kaina hanya ai ta kowa ce, wataƙila gaba za mu wuce. Tsohon yana tafe shi kaɗai, yana taɓa zangarniya, yana faɗin wannan gero ya yi, wannan ruwa ya cuce shi. Garba yana ba ni labari ta kafaɗa: ran da tsohuwa ta cika, makabarta ruwa har ƙirji, suka rasa inda za su kai ta, sai liman ya ce a nemi tudun da ya fi ko'ina bushewa, nesa da rijiya. Kalmomin da ke manne a bayan ƙofar motata ke nan, kusan ɗaya bayan ɗaya. 

Sai tsohon ya tsaya, ya nuna ƙasa da sabon idonsa.

"Garba, wannan sawun mene ne? Ba na amalanke ba ne, ya yi ƙanƙanta."

Layi biyu ne na taya a kan damshin yashi, sun je sun dawo, sun je sun dawo, sun miƙe har gindin aduwa. Kafin Garba ya amsa iska ta kaɗo. Warin magani da wanda maganin bai iya rufewa ba. Ƙudaje sun yi baƙi a kan ƙayar. Ɓallin tukunyar yana can gefe a kife inda na jefar da shi.

Garba ya yi salati da ƙarfi. Ya ce, "Wane la'ananne ne ya yi wannan? Wane marar tsoron Allah?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na cire hulata, na durƙusa a gaban tsohon, na ce, "Baba, ni ne. Tankin ban-ɗakin mota ne. Jiya, lokacin da ka tambaye ni. Wallahi ban sani ba."

Garba ya yo kaina, idonsa jawur. Tsohon ya sauke sandar daga kafaɗa ya tare shi da ita a ƙirji, bai ko dube shi ba. "Baƙonmu ne," ya ce. Garba ya juya baya ya rushe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Malam Haladu ya daɗe a tsaye yana kallon wurin. Ya kalli bishiyar, ya kalli geron da ya kewaye tudun, ya dawo da kallonsa kan ƙayar. Hawaye yana zuba daga idon da aka ce kada ya taɓa, bai kuwa taɓa ba. Da zai zage ni da na samu sauƙi. Da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini a ka da na gode masa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Wurin yana da kyau, Garba bai yi ƙarya ba." Sannan ya ce, "Mace ce mai tsabta. Tun da idona ya mutu, kullum sai ta share hanya daga ɗakina zuwa zaure, don kada in taka kashin kaza."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Akwai ramin da muka ɗebi ƙasar gini a yamma da gari, babu mai zuwa wurin. Da Garba ya kai ka, har ya taya ka ja. Sarkin Mota, da ka tambaye ni."

Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, muka shafa. Sannan ya sa tafin hagu ya rufe idon da aka gyara, ya miƙo mini bakin sandarsa da dama.

"Kama, mayar da ni gida. Na gani."

Mutumin da ya hau tudun nan da ƙafarsa, sanda a kafaɗa, haka na jawo shi muka sauko, ina gaba yana baya, a kan sawun tayata. 

Da kaina na je na gaya wa Dakta, ban rage komai ba. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "Na ce ka tambaya, Malam Sabo." Ta yafa mayafi ta shiga cikin gidan wajen mata, ta daɗe ba ta fito ba. Liman ya ce kada a taɓa mamaciya, a kwashe abin da zai kwasu daga sama, a cike da ƙasa mai tsarki. Mutanen gari suka fito da fartanya za su taya ni, na roƙe su da Allah su bar ni. Garba ne kaɗai ya ƙi tafiya. Ya tsaya yana nuna mini iyakar inda shebur zai tsaya, ba ya kallon fuskata. Na kwashe, na kai ramin yamma, na riƙa ɗauko sabon yashi a kwano bisa kaina har rana ta yi sanyi. Na tayar da tudun kabarin, na wanke ɓallin tukunyar na mayar da shi mazauninsa, na saro sabuwar ƙaya.

Da na dawo, kwanona yana nan a inda aka saba ajiye shi, a rufe da faifai. Tuwon gero ne da miyar kuka. Tsohon yana zaune a gindin darbejiya, ya ce, "Wanke hannu ka ci, ka yi aiki." Na kai loma ɗaya, na mayar da faifan na rufe.

Ranar Talata aka cike hanya muka dawo Dutse. Dakta ta rubuta rahoto kamar yadda aiki ya tanada, aka ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu. Tana nan a cikin akwatina har yau, kuma ita ce mafi sauƙin abin da na ɗauko daga garin. Ran da za mu taso, Malam Haladu ya riƙe hannuna ya ce in dawo baɗi a yi masa ɗaya idon. Mun koma. Garba ne ya tare mu a ƙofar gida, ya ce tsoho ya rasu da kaka, bayan an shigar da gero. Ya bar wasiyya a kai shi tudu kusa da ita, ko da makabarta ta bushe. Garba ya raka ni, muka tsaya a kan kaburbura biyu. A hanyar dawowa ya ce mini tsohon bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma ya hana kowa tayar da ita a gidan.

Takardar da ke bayan ƙofar motocinku daidai take, ku bi ta. Amma wanda ya rubuta ta a ofis bai san inda kowane gari ya ajiye nasa ba. Filin da kuke gani babu kowa, wani ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Mutanen ƙauyen nan za su ba ku inuwarsu da tuwonsu, kuma ba za su ƙi nuna muku rami ba.

Na yi shekara tara ina jan motar bayan wannan. Duk garin da muka shiga, kafin in kashe inji, nakan sauka in durƙusa a gaban babban wurin, ko mutum nawa ne a zaune, in ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Motar nan tana da ban-ɗaki. Ina za mu zubar da ƙazantarmu, kuma ina mutanenku suke kwance?" Ban taɓa samun wanda ya yi mini dariya ba, ko mutum ɗaya. Tambayar ba ta kai minti guda ba. Ita ce na kasa yi wa Malam Haladu, da dambunsa a bakina.